Geron da Na Hau Tudu da Shi

Masana sun daɗe suna gardama a kan abin da ya raba al'ummomin duniya. Wasu sun ce harshe ne, wasu sun ce addini, wasu kuma abinci. Na karanta iyakar abin da ya zo hannuna na maganganunsu, har na koyar da wani sashe ga yaran da ba su yi mini laifin komai ba. Yau da furfura ta gama cin kaina, ina shaida cewa dukkansu sun kauce hanya. Gwiwa ce. Mutanen duniya kashi biyu ne: akwai waɗanda gwiwarsu ta san hawa da sauka, akwai kuma waɗanda Allah ya shimfiɗa wa ƙasa kamar tabarma, irinmu.

A ƙauyenmu, can gefen Dawakin Tofa, in ka tsaya a bakin gona kana hango mutum tun yana ɗan ɗigo. Za ka gane tafiyarsa, ka tuna abin da ya yi maka bara, ka yi fushi, ka huce, duk kafin ya iso ku gaisa. Gona na manne da gona, ba abin da ya raba su sai layin gamba. Tudu mafi girma da na taɓa hawa kafin in kai shekara ashirin da huɗu shi ne jujin bayan gari. Da wannan gwiwar na tafi bakin teku.

Shekarun fari ne, na farkon, waɗanda gyaɗa ta kwanta a cikinsu ba ta sake tashi da ƙarfinta ba. Damina biyu a jere gero ya yi ciki ya kasa fid da kai. Igiyar rijiya kullum sai an ƙara mata ƙulli. Maza suka watse cin-rani, wasu kuma ranin nasu ya ƙi ƙarewa. Yayana, ɗan farin gidanmu, ya bi wasu zuwa wani gari na kudu mai tashar jiragen ruwa, wanda a wajenmu ba a wahalar da baki wajen faɗin sunansa, sai dai a ce Bakin Ruwa. Dako yake yi a can, yana sauke buhuna daga jirgi. Da farko duk bayan wata biyu wasiƙarsa na zuwa, wadda wani ya rubuta masa, tare da ɗan saƙo: sabulu, gishiri, sau ɗaya ma har da fitilar ƙwai. Ni nake karantawa a tsakar gida, tunda ni ne malamin firamare na gidan. Sai kuma shiru. Wata ɗaya ya wuce lokacinsa, biyu, har aka kai bakwai.

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce Inna ba ta damu ba. Ɗan fari ne, kuma Inna mace ce ta da. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, kakarmu ce ta raine shi. In ana karanta wasiƙarsa sai ta tashi ta shiga madafa ta ƙirƙiri aiki, sai dai duk tsawon karatun ba a jin motsin muciya. Da wasiƙu suka yanke, kowa yana da hanyar nuna damuwarsa ban da ita. Matarsa na iya kuka a ɗaki. Baba na iya zama a zaure yana tare duk wanda aka ce ya dawo daga kudu. Inna sai rama. Kowa na ramewa a shekarun nan, amma tata ta wuce rabon gida. Tuwonta take tura wa jikoki ta ce ta ƙoshi, awarwaron hannunta ya fara zamewa har gwiwar hannu.

Da aka yi hutun makaranta, cikin bazara, Baba ya kira ni zaure.

"Kai ne mai Turanci," in ji shi. "Ka je ka gano. In yana da rai, ka zo mana da labari. In kuma ta Allah ta kasance, ka zo mana da labari."

Ranar da zan tafi, matar Yaya ta tsaya a bakin ɗakinta tana tsokanata kamar yadda ta saba. "Ƙanin miji, kar ka faɗa ruwa dai. Ko a kududdufi ban taɓa ganin ka wuce idon sawu ba." Tana dariya, idonta jajir.

Inna ta yafito ni ɗaki. Ta miƙo mini wata 'yar jaka da ta ɗinka da tsohon zane, an ɗaure bakinta tam. Ina ɗagawa na san ko mene ne. Gero ne, tiya guda, a shekarar da mata ke tankaɗe dusa sau biyu.

"Ka kai wa mutanen can," ta ce. "An ce rogo suke ci."

"Inna, can fa ake sauke hatsin da ake kawo mana. Jirgi guda ya fi..."

"Na tambaye ka?"

"Waɗanne mutane zan ba?"

Ta juya tana gyara shimfiɗar da ba ta ɓaci ba. "Duk wanda ka tarar."

Kwana biyu a jirgin ƙasa, yini guda a bayan babbar mota tare da buhunan albasa. Ba zan ɓata takarda a kan hanya ba, don rabinta barci na yi, rabin kuma ina lissafin yadda ake faɗa wa uwa mutuwar ɗan da ba ta da izinin yi wa kuka. Da hantsin rana ta huɗu motar ta kama wani hawa, tana nishi kamar tsohuwar saniya, kunnuwana suka toshe. Sai ta kai ƙarshen hawan ta sunkuyar da kai, garin ya bayyana gaba ɗaya a ƙarƙashinmu.

Abin da na fara zato shi ne an yi ɓarna. Kamar wani ya ɗebo gidaje a faifai zai kai wani wuri, ya yi tuntuɓe, suka zube daga kan tudu har bakin ruwa, aka bar kowanne inda ya tsaya. Rufin kwano ja da tsatsa, bisa bisa, tsakaninsu ganye kore shar, irin koren da idona ya manta. A can ƙasa kuma ruwa, launin tokar murhu, ya tafi har ya haɗu da sama ba tare da wani layi ya raba su ba. Jirage uku na tsaye a kai. Na taɓa zana jirgin ruwa a allo sau da yawa, kuma a ranar na gane cewa na cuci yaran mutane, don abin da nake zanawa kwalekwale ne mai hayaƙi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai haɗiye makarantarmu har da filin ƙwallo.

Ina sauka daga mota aka kece da ruwan sama. Ba iska, ba hadari daga gabas, ba wanda ya ɗaga kai ya yi kabbara. Mutane suka watse suna tsaki. Wata mata ta fito da tsintsiya tana korar ruwa daga shagonta kamar yadda ake korar akuya. Lambatun gefen titi ya cika ya tumbatsa, yana gudu zuwa teku da ruwan da zai shayar da ƙauyenmu har kaka, kuma tekun bai nuna alamar ya san an ƙara masa komai ba. Na tsaya a tsakiyar tasha baki buɗe, sai da na tuna da geron Inna na cusa shi cikin riga na ruga ƙarƙashin wata rumfa. Shekara biyu rabona da in ɓoye wani abu don kada ruwa ya taɓa shi.

Garin na warin kifi, da manja, da danshi, da man jirgi. Mata ne ke riƙe da kasuwa, su ne ke ɗaga murya, su ne ke dako da manyan kwanduna, suna hawa matakala suna hira kamar a kwance suke. Na duba sha-raɓar ƙafafunsu, na duba tawa a asirce. Turancin da Baba ya dogara da shi kuwa bai yi mini aikin kirki ba. Na tare wani mutum na jera masa tambaya cikakkiya, mai kai da ƙafa, irin wadda sufeto zai yaba. Ya saurare ni har ƙarshe cikin ladabi, sannan ya juya ya kira abokinsa don shi ma ya zo ya ji. Daga ƙarshe hulata ce ta yi magana. Suka dube ta, suka nuna mini hanyar zangon Hausawa, can ƙasa bayan kasuwar kifi.

Mai unguwar zango tsoho ne mai sayar da goro, ya fi shekara arba'in a garin amma Hausarsa ba ta jiƙe ba. Ya sa aka kawo mini ruwa, muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi fari, ya girgiza kai. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni, na ambaci sunan Yaya.

"Suna?" ya ce. "Malam, a bakin jirgi ba mai suna. Da garinka ake kiranka. Ɗan ina ne?"

"Wajen Dawakin Tofa."

"Kwatanta shi."

"Dogo ne, baƙi, siriri."

"Ka kwatanta mini rabin zango ke nan." Ya ɓare goro ya miƙo mini ɓari. "Na Dawaki biyu na sani. Duk dogaye. Ɗaya zazzaɓi ya ɗauke shi ƙarshen daminar da ta wuce, mu muka yi masa sutura. Ɗayan, kusan lokaci guda, ya zame daga kan katako da buhu a ka, ƙafa ta karye. Wata mai ɗori 'yar garin nan ta sa aka ɗauke shi zuwa gidanta a kan tudu. Tun daga nan bai sauko ba, ni kuma gwiwata ta daina hawa."

Na ƙirga watanni a zuci. Duk biyun sun yi daidai da shirun Yaya.

"Baba, wanne ne wanne?"

"Wallahi kada in yi maka ƙarya. Ka jira la'asar sakaliya 'yan dako su tashi, su za su rarrabe maka. Ko kuwa ka gani da idonka. Maƙabarta na nan ƙasa, gidan mai ɗori na sama."

Na ce zan fara da sama. Ya fito da ni bakin rumfa ya miƙa hannu. "Ka ga gidan can mai jan rufi, kusa da doguwar kwakwa? Shi ne. Ka bi titin mota, ka zagaya ta bayan coci, zai kai ka har ƙofa."

Na duba gidan. Arewa maso gabas yake, kuma nisansa bai wuce inda za ka ƙwala wa mutum kira ya amsa ba. Na duba titin da ya ce in bi, na ga ya nufi yamma, ya ba gidan baya sarai. A wajenmu abin da ido ya gani ƙafa na zuwa gare shi a miƙe, iyaka ka kauce wa shukar mutane. Na yi wa tsohon godiya, na yanke a raina cewa tsufa ya sa shi son dogon zance da doguwar hanya. Na saɓa jakar gero a kafaɗa, na sa gidan a gaba, na kama matakalar farko da na gani.

Matakalar ta kai ni bayan wani gida ta ƙare. Na sauko na kama wata. Ita kuma ta hau da ni ta ajiye ni a kan wata 'yar hanya wadda ke daidai da rufin gidajen ƙasa, inda na tsinci kaina ina kallon tsakar gidan mutane tun daga murhu har igiyar shanya. A garinmu, in namiji zai hau soro yaɓe ko zai hau bishiya, sai ya ɗaga murya tukuna don matan maƙwabta su kimtsa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"A gafarta! Namiji zai wuce ta sama!"

Wata mata da ke yi wa jariri wanka ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da abin da take yi. A gida na gaba na sake sanarwa. A na uku wata tsohuwa ta yafito ni, ta ɗauka talla nake yi, tana son ganin abin da ke cikin jaka. Haka na yi ta tafiya ina shela, idona a ƙasa, ni kaɗai nake jin kunyar da ba wanda ya aike ni in ji. A garin nan ƙofar kowa rufin wani ce, kuma sun daɗe da yafe wa juna.

Sai hanya ta faɗa da ni cikin wani kwari mai ayaba da sauro, wanda daga rumfar mai goro ko alamarsa ba a gani. Na gangara da mazaunai, na haye wani ɗan rafi a kan gungume, na hau ɗaya gefen da hannu da ƙafa. Da na ɗaga kai neman jan rufi, sai na ga duk rufin garin ja ne. Kwakwa kuwa kowane gida da tasa, kuma duk dogaye. Na nemi gabas na rasa, don rana ta shige cikin gajimare tun safe ba ta bar saƙo ba. Ban taɓa rasa gabas ba a rayuwata. Gwiwoyina suka kama rawa, kowacce da kiɗanta.

Na zauna a kan wani dutse, jakar a cinyata. A nan ne tambayar da nake ta kauce mata ta same ni. In na isa na tarar da ɗan wani gidan ne, da ƙafarsa a ɗaure, yana murna ya ga mutumin gida, me zan yi da geron? Sai maganar Inna ta dawo mini, duk wanda ka tarar. Ni da na ɗauka alkunya ce kawai ta hana ta faɗin suna. Ashe ta riga ni isa wannan dutsen tun tana ɗakinta, ta kuma yanke hukunci: in nata ba ya nan, ɗan wata ya sha kunu.

Na miƙe. Na daina neman gabas, na koma tambayar mutane da hannu, ina nuna ƙafa ina kwatanta karaya. Nan take aka gane. Wani ya nuna sama, wata ta nuna sama, kowa sama. Na wuce gidan ma ban sani ba, sai da wani mai gyaran takalmi ya juyo da ni ya nuna mini ƙasa. Ga shi nan a ƙarƙashin ƙafafuna, da kwakwarsa.

Wannan karon ban yi shela ba. Na tsaya na leƙa tsakar gidan mutane da gangan, Allah ya yafe mini.

Abin da na fara gani dawa ce. Kara biyar ko shida a gefen katanga, sun yi tsayi sun wuce rufi, kore shar, ba ko ɗaya mai kai. A gida ta ƙi haihuwa don ƙishirwa, a nan ta ƙi don ƙoshi. Ba mai shuka dawa a wannan wuri sai mutumin wajenmu. Amma wanda ke kwance a maƙabarta ma mutumin wajenmu ne, don haka dawar ba ta gaya mini komai ba.

Sai na ga mutum zaune a kan benci a gindin katangar, ya miƙe ƙafa ɗaya, yana tufka igiya. Ba hula a kansa. Fuskarsa ba ta ganuwa daga inda nake, tsakar kansa kawai nake gani. Yaya ya fi ni tsawo tun muna yara, rabona da ganin tsakar kansa an fi shekara goma sha biyar. A can, ɗan gefen dama, akwai wani tabo mai siffar jinjirin wata inda gashi ba ya fita. Na san shi sarai. Ni na yi masa shi da fartanya ina ɗan shekara shida, a kan rigimar gyaɗa.

Na zauna a bakin hanyar, ƙafafu na reto a saman gidan, na yi sallama da wata murya da ban san ina da ita ba.

Ya ɗaga kai. Ya daɗe yana kallona. Igiyar ta faɗi daga hannunsa.

"Wa ya rasu?" ya ce.

"Ba kowa."

"Kada ka ɓoye mini. Inna ce? Baba?"

"Kowa lafiya. Yara lafiya."

"To me ya kawo ka?"

"Kai ne ka rasu, Yaya."

"Ni? Yaushe?"

"Wata bakwai ke nan."

Ya sauke wata ajiyar zuciya da na jiyo daga sama. Sannan ya kare ni da kallo, tun daga laka a wandona har ganyen ayaba a hulata. "Ticha, ta ina ka biyo?"

"A miƙe na zo."

"A miƙe!" Ya yi dariya har da riƙe ƙafar da ke ciwo. "Ba a nuna maka titi ba? Sauko, ga matakala can. A hankali, gida ɗaya ba ya ɗaukar guragu biyu."

Mai ɗorin mace ce ƙatuwa mai hannuwa kamar na maƙeri. Hausarta ba ta wuce kalma goma ba, kuma "ɗana" da "zauna" su ne rabinta. Ƙafar ta haɗu, ta ɗan karkace kaɗan, yana takawa da sanda. Yana tufka mata igiya, yana fasa mata itace daga zaune, ita kuma tana ɗura masa rogo da miyar ganye har wuyansa ya yi kauri. Ban taɓa ganinsa da ƙiba irin ta ranar ba, kuma na furta cewa bayan murna, abin da ya fara zuwa mini haushi ne.

"Ko layi biyu, Yaya. A ce kana da rai."

"Takarda ba komai a cikinta?" ya ce. "In ce me? Ina gaisuwa, na karye, ku ci gaba da haƙuri? Kai ka taɓa ganin wanda ya tafi nema ya aiko da gaisuwa tsirara? Cewa na yi bari in miƙe, in koma bakin jirgi ko sati biyu ne, in haɗa ɗan abu, sannan in aika."

"Gida ana shirin yi maka sadakar uku."

"Da sun yi asarar gero."

Sai na tuna, na miƙa masa jakar. Ya gane zanen kafin ya kwance bakin. Ya zura hannu ya ɗebo, ya bar ƙwayoyin suna zuba ta tsakanin yatsunsa.

"Daga bakin wa aka cire wannan?" ya ce daga baya.

"An ce in kai wa mutanen can. An ce rogo suke ci."

Ya juya fuska wajen dawarsa, ya daɗe yana duba ta kamar yau ya fara ganinta. Ni ma na sami abin dubawa a takalmina.

Shi ya surfa da kansa, daga zaune, a turmin da aka saba kirɓa rogo. Ya dama kunu. Mai ɗori ta kurɓa sau ɗaya, ta riƙe a baki, ta haɗiye cikin jarunta, ta ce, "Ɗana, zauna," ta ba mu wuri.

Kwana uku na yi. Daga bakin ƙofar gidan ana ganin tashar jirage duka, mutane kamar tururuwa suna hawa katako suna saukowa da buhuna. Yaya ya nuna mini inda ya faɗi, da jirgin da ya ce jar dawa ce a cikinsa, irin wadda ake raba mana a gida. Washegari da safe na fito na ga ruwan ya ja da baya. Inda jiya teku ne yau laka ce baƙa, kwalekwale na kwance a kan haƙarƙarinsu, ginshiƙan gada sun fito tsirara. Na taɓa ganin irin wannan a tafkin garinmu.

"Yaya," na ce, "har nan abin ya iso?"

"Me?"

"Ruwan. Dubi inda yake jiya."

Ya dube ni da tausayi. "Ba kai ne mai koya wa yara labarin ƙasa ba? Sau biyu kullum yake tafiya ya dawo. Jira azahar."

Na sani mana. Na rubuta shi a allo, na zana wata da kibiyoyi, na bugi yaro a kansa. Duk da haka sai da na zauna a bakin ƙofar nan ina gadin teku har ya dawo, sannan na iya cin abinci.

Ranar komawa mai ɗori ta ɗaure mini busasshen kifi da gwangwanin manja. Yaya ya auna ƙunshin a hannu, ya ga ya yi nauyin da mutum zai aika da shi ba kunya.

"Yanzu kana iya cewa ina gaishe su," ya ce. "Ka ce in ƙafa ta yi ƙwari ina nan tafe, ko don girbi, in Allah ya sa akwai abin girba. Ka ce wa Inna..." Ya tsaya. "Ka ce kunun ya yi."

Na sauko ta titi, ta bayan coci. Ko rabin sa'a ban yi ba na isa rumfar mai goro. Ya dube ni, ya dubi fuskata, ya ce alhamdulillahi tun ban buɗe baki ba. Na tambaye shi inda kabarin ɗayan yake, na je na yi masa addu'a, tunda shi ba wanda ya zo nemansa.

Kwana uku na hanya na yi su ina shirya yadda zan faɗi labarin. Na gwada shi da gajerun kalmomi, na gwada da dogaye. Na yanke cewa zan fara da rai, in biyo da ƙafa, in rufe da kunu. Na isa gida da hantsi. Maza duk suna gona wajen sharar bazara, matar Yaya ta tafi rijiya. Inna kaɗai na tarar a tsakar gida tana tankaɗe.

Na durƙusa na gaishe ta. Na ajiye kifi da manja a gabanta.

"Inna, na tarar da mutanen can. Suna lafiya. Suna gaisuwa. Sun ce kunun ya yi."

Rariya ba ta ko tsaya ba. "Madalla," ta ce. "Ka ci abinci?"

Na tsaya ina kallonta. Wata bakwai na ƙuna, ga labari ya zo, ko gira ba ta ɗaga ba. Na ji idona ya ciko. Na ce a raina ba za a sake yin irin waɗannan mata ba, duk littattafan da na karanta ba mai jarumi kamar wannan tsohuwa da rariyarta. Har na fara tsara yadda wata rana zan rubuta shi. Na fita na tari matar Yaya a hanyar rijiya don in ba ta albishir, in kuma gaya mata abin da na gani na ƙarfin halin Inna. Ta saurare ni da tulu a ka har na gama, sannan ta gaya mini nata.

Kwana biyu da tafiyata, wani mai fataucin awaki na wajen Tofa, wanda ya taɓa kai akuya gidan mai ɗorin nan, ya tsaya shan ruwa a ƙofar gidanmu ya faɗa musu komai, har da cewa ƙafar hagu ce.